Idon Nasiba

Maraɗi, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Tsahara, a Tsibiri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ƙafa, ya zafi? Allah ya ƙara sauƙi.

Ke kunnenki ba ya jin salula, ni kuma tun da likitocin Yamai suka yanke mini maƙogwaro ba ni da muryar da zan kira ki da ita. To sai takarda. Direbana Ɗan'auta zai kawo miki.

Jiki da sauƙi. Ramin da suka huda mini a wuya, wanda nake numfashi ta cikinsa, ya daina jini, sai dai majina tana toshe shi, dole a riƙa sharewa. Abinci ba ƙamshi. Sito yana hannun yara, gero ya hau, manyan motocin kamyo sun tafi Agadas ban ga lodinsu ba. Ni da ake jin tsawata daga wannan bakin kasuwa zuwa wancan, yau allon 'yan makarantar lakwal ne a gefena, da alli nake roƙon ruwan sha.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Kamilu ya yi mini abin da ɗa ba ya yi wa uba. An yi ɗan tsautsayi a gida makon jiya, kofi ya samu uwarsa a fuska. Aka kai ta asibiti. Daga asibitin, ba shawara ba sallama, ya ɗauke ta ya kai ta Jiratawa, gidan nan nasa na laka da ke bakin kanal ɗin ban-ruwa. Matata, Yaya! Ina kwance da rami a wuya! Na aika Ɗan'auta ya ɗauko ta, yaron nan ya tsaya bakin ƙofa ya ce wai a faɗa mini ba inda za ta.

Dama tun da ya bar mini sito ya koma noman tattasai na san ya fita hannuna. Amma ke yana jin maganarki. Ki umurce shi ya maido Nasiba kafin Juma'a. 'Yan'uwansa mata sun koma gidajen mazansu. Matar da aka samo ta kula da ni, Tahira, tsoron ramin take ji. Jama'a suna shigowa dubiya suna tambayar ina Hajiya. Me zan rubuta musu?

Ki gaida mutanen gida.

Ƙanenki,
Alhaji Abdulmutallib

*

Jiratawa, ranar Laraba

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kin tashi lafiya. Matata Maijidda da 'yar jikarki Rahma suna gaisuwa. Saƙonki ya iso, kin ce in rubuto miki abin da ya faru, ba ƙari ba ragi.

Ranar, Inna tana sallar la'asar majina ta taso wa Baba. Ya buga cokali a jikin gado, yadda ya saba kiran ta. Tana raka'ar ƙarshe. Ta sallame ta taho da gudu, ko addu'a ba ta yi ba. Tana ɗaga labule ya jefo kofin gilas. Ya fashe a girarta, wani guntu ya shiga ido. Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Idon hagu ya tafi, Gwaggo, ba zai dawo ba.

Kin san abin da ta fara faɗa da allurar barci ta sake ta? "Wa ya share wa Alhaji wuya?"

Tun muna ƙanana mun san ƙarar motarsa daga kan kwana. Da mun ji, kowa zai nemi abin yi. Inna ta kashe rediyo, ta sake ɗanɗana gishirin miya. Ran da aka ce muryarsa ta tafi, Allah ya gafarta mini, na ce a raina gidan zai huta. Ashe abin ba a maƙogwaro yake ba. An cire murya, ya koma hannu.

Ban sace ta ba. A ƙofar asibiti na tambaye ta, gida ko Jiratawa? Ta ce, "Mu je in ga Rahma."

Ba zan maido ta ba. In baki zai yi mini, ya rubuta a allo ya aiko, zan karanta.

Ki yafe mini kaushin harshe. Allah ya ƙara girma.

Ɗanki,
Kamilu

*

Tsibiri, ranar Asabar

Mutallabi,

Wa alaikumus salam. Ƙafa tana nan yadda ka sani. Allah ya ba ka lafiya.

Na karanta takardarka, na sake karantawa, ina neman inda ka ce kai ka jefa kofin. Ban gani ba. Ka ce kofi ya same ta, sai ka ce kofin ne mai hannu. Ka faɗi gero, ka faɗi kamyo, ka faɗi abin da 'yan dubiya za su ce. Idon Nasiba bai samu ko layi ɗaya ba. Ya mutu, in ba a faɗa maka ba.

Ba zan umurci Kamilu da komai ba.

Ni na goye ka lokacin da Inna take tafiya gona, don haka zan faɗa maka abin da duk Maraɗi ba mai iya faɗa. Kullum kana cewa kai mutum ne mai zafi, kamar wata sarauta ce aka naɗa maka. Mutane kuma suka biye maka: halinsa ne, sai haƙuri. Haƙurin nan shi ya ci idon baiwar Allah.

Ba wa'azi zan yi maka ba, ka fi ni zama gaban malamai. Aiki zan ba ka, irin wanda nake ba 'yan ajina a da. Na daɗe ina koyarwa a lakwal, na lura yaro ba ya kai duka haka kawai. Kafaɗa ke fara tashi, ko hanci ya buɗe, ko ƙafa ta kama rawa. Ni ina hange daga tebur, shi mai jikin bai sani ba. Ran da yaro ya fara ganin abin da kansa, ran nan faɗansa ke fara raguwa.

Ban ce ka daina fushi ba, ba za ka iya ba yanzu. Ka dai tsaya ka kalle shi. In ya taso, ta ina ya fara? Wa ke cikin ɗakin? Me ya faru dab da zuwansa? Kai ba ka taɓa sayen buhu don samansa ya yi kyau ba, sai ka zura hannu har gindi ka ji ko da tsakuwa. Buhun kowa ka laluba a kasuwar nan, ban da naka.

In ka ji ya zo, ka sa tafin hannuwanka ƙarƙashin cinyoyinka ka zauna a kansu. Ka saurari numfashinka yana shiga yana fita ta ramin nan har abin ya wuce. Kuma ka sa a kwashe duk abin fashewa daga kusa da gadonka, tun yau.

In ka ga dama ka yaga wannan takarda. In ka gama yagawa, ka duba ta ina ya fara.

Yayarka,
Tsahara

*

Maraɗi, ranar Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na daɗe ban amsa ba.

Na yaga. Bayan kwana biyu na sa Tahira ta tsinto guntayen a bayan gado.

Na san idon ya tafi. Likita ya faɗa mini tun ranar. Hannuna ne ya ƙi rubutawa.

Na yi aikin da kika ba ni, da farko don in nuna miki shirme ne. Wata safiya na buga cokali, Tahira ba ta zo da wuri ba. Na ce to, bari in gani. Yaya, ba zafi ne ke fara zuwa ba. Sanyi ne. Nan ƙasan haƙarƙari, kamar mutum ya taka matakala ya ji babu. Zafin daga baya yake hawa, ya bi wuya ya sauka a hannun dama. Duk rayuwata zafin kaɗai na sani.

Alhaji Rashid, maƙwabcina a layin masu hatsi, ya zo dubiya. Yana yi mini magana da ƙarfi, a hankali a hankali, kamar kurma ko ƙaramin yaro. In na fara rubutu ba ya jira in gama, sai ya ƙarasa mini da abin da ban nufa ba. Sanyin ya zo. Na zauna kan hannuwana. Ya ce, "Alhaji, ɗari kake ji da wannan zafin?" Na gyaɗa kai. Ya tafi lafiya.

Amma shekaranjiya na kasa. Kunu ya sarƙe ni, na wurga allon a bango. Abin da ya tsaya mini shi ne, Tahira ta riga ta sunkuya tun ban ɗauki allon ba. Na rubuta mata, yaya kika sani? Ta yi ta jan ƙafa, da ƙyar ta ce, "Kafaɗarka, Alhaji. Hajiya ce ta faɗa mini wani zuwa da na yi wanki, ta ce in na ga ta dama ta ɗaga in matsa." Ashe kowa a gidan nan ya iya karatuna, ni kaɗai ne ban iya ba.

Na zura hannu har gindi kamar yadda kika ce. Abin da na tarar ban so shi ba. Tsoro ne. Tsoron in kira a ƙi zuwa. Ranar kofin, da majina ta toshe ni, na ga zan mutu ni kaɗai a ɗaki kamar kaza. Amma ba ciwon ya kawo shi ba. Tun ina da lafiya, in na kira yaro bai amsa nan take ba, sai in ji kamar an fara mantawa da ni. Sai in yi tsawa don kada a ga tsoron.

Yanzu da kaina nake share ramin, a gaban madubi. Ban taɓa kallon sa ba sai yanzu. Abin ƙyama ne. Nasiba ta yi watanni tana sa fuskarta dab da shi, ba ta taɓa yamutsa ta ba.

Ina so in je Jiratawa. Me kika gani?

Ƙanenki,
Mutallabi

*

Maraɗi, ranar Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya damina? Na ji an yi ruwa sosai wajenku, Allah ya sa albarka.

Kin ce in je, amma kada in je kamar mai karɓo kayansa. Na je jiya da hantsi.

Na same ta ƙarƙashin rumfa ita da Rahma suna tsinke zogale. Na shigo ta hagunta, ba ta gan ni ba sai da yarinyar ta ce ga Kaka. Sai da ta juyo da kanta gaba ɗaya. Fatar idon ta lotsa ciki, akwai tabo daga gira har kunci. Ta tashi ta shimfiɗa mini tabarma, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba. Na miƙa hannu zan ɗauki allona, sai na ga hannunta ya tashi ya kare fuska. Ba ta ma san ta yi ba. Ta sauke shi tana gyara kallabi.

Na rubuta, ni na jefe ki, ki yafe mini. Ta kai allon kusa da idon dama ta karanta a hankali. Ta ce, "Na yafe, Alhaji, duniya da lahira. Tun ina gadon asibiti na yafe."

Na ji daɗi, sai na yi gaggawa. Na goge na rubuta, mu je gida.

Ta ajiye allon a tsakaninmu. Ta ce, "Alhaji, tun da na zo nan nake cin tuwo ina jin ɗanɗanonsa. Can ina ci ne kunnena na waje. Ni ma ban san haka nake ba sai da na zo nan. Don Allah ka bar ni."

Ana haka Kamilu ya shigo daga gona, laka har gwiwa. Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Ka zo ganin aikin hannunka ne? Ka duba da kyau. Ko ka zo ne a ƙarasa ɗayan?" Uwar tana cewa kai, kai, bai saurara ba. Ya faɗi abubuwa tun na yarinta, wasu na tuna, wasu na manta, shi bai manta ko ɗaya ba. A gaban matarsa, a gaban direbana.

Sanyin ya zo irin wanda bai taɓa zuwa ba. Akwai taɓarya jingine kusa da ni, na gan ta sarai. Kamilu ya matso ya shiga tsakanina da uwarsa. Na tura hannuwana ƙarƙashina na danne. Ina jin ƙarar numfashina ta ramin, kamar fito. Ban san tsawon lokacin ba. Zafin ya hau, ya tsaya, ya fara sauka da kansa. Na ɗauki allo na rubuta mata, to. Na tashi.

Kada ki ce na ci nasara. Hannu bai tashi ba, amma na dawo gida ba kowa. Da na koyi wannan tun yaran suna ƙanana, da wani zance ake.

Wani abu kuma. Akwai ƙullutu da ya fito mini ƙarƙashin muƙamuƙi, haɗiya tana yi mini wuya. Zan koma Yamai su duba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Mutallabi

*

Tsibiri, ranar Talata

Kamilu,

Ina gaishe ka, ina gaida Nasiba da Maijidda. Ka shafa mini kan Rahma.

Ciwon ubanka ya dawo. Likitocin Yamai sun ce ya bazu, ba sauran aikin da za su yi, sun ba shi maganin rage zafi sun ce ya koma gida. Ya ce ba zai iya zaman gidan Maraɗi ba, na sa an kawo shi nan. Yana ɗakin marigayi mijina. 'Yan'uwanka mata suna zuwa suna komawa.

Kada ka zaci ya zama waliyyi. Jiya ma ya harare ni don na ce ya ƙara kunu, harara irin wadda ka sani. Na ga yana laluben cinyarsa da hannun da ko kofi ba zai iya ɗagawa ba yanzu. Da ya huce ya rubuta mini, ya zo ya wuce. Da yamma akan fitar da shi bakin ƙofa ya zauna yana kallon gero. Ya ce shekara da shekaru yana sayar da shi, bai taɓa tsayawa ya ga yadda yake fidda kai ba.

Ya hana ni in nemi uwarka ta zo. Ya ce in ta ji zai mutu za ta taho don tausayi, kuma ya riga ya ci tausayinta da yawa. Na faɗa maka dai don kada ka ji a bakin mutane. Ka faɗa mata ko ka bari, kai ka san yadda take.

Ban ce ka zo ba. Ban ce kada ka zo ba.

Gwaggonka,
Tsahara

*

Jiratawa, ranar Juma'a

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ya jiki? Allah ya sawwaƙe.

Ban taɓa rubuta maka takarda ba, ban san yadda ake farawa ba.

Ranar Laraba injin ban-ruwa ya lalace, ga ruwan sama ya ɗauke, tattasai ya fara lanƙwasa. Na kwance injin a tsakar gida tun safe ina fama. Rahma tana wasa kusa da ni. Na juya ban ga wasu ƙananan kusoshi ba, ashe ta kwashe su ta zuba a rijiya, wai tana jin ƙararsu. Ban san lokacin da ƙarfen da ke hannuna ya bar hannuna ba. Ya wuce ta gefen kunnenta ya fasa randa. Da ya matsa kaɗan, da yanzu wani zance nake rubuta maka.

Inna tana bakin murhu. Ta yi ihu ta ce, "Alhaji, a'a!"

Ni ta ce wa Alhaji. Ba ta lura da abin da ta faɗa ba, ta ruga ta ɗauki yarinyar. Tun ranar Rahma in ta ji tafiyata sai ta shige bayan uwarta.

Na bar maka sito, na bar maka gari, na zo nan ina tona laka don kada in zama kai. Ashe tare muka taho.

Ran da ka zo, na faɗa maka abin da ya isa ka tashi. Da gangan na yi. Na ga kafaɗarka ta ɗaga, na ga ka kalli taɓarya, na shirya. Ba ka tashi ba. Yaya ka yi?

Ba zan yi maka ƙarya ba kana wannan hali, zuciyata ba ta sauka ba tukuna. Amma ba ni da wanda zan tambaya sai kai.

Allah ya ba ka lafiya.

Ɗanka,
Kamilu

*

Tsibiri

Kamilu,

Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka.

Hannu ba ƙarfi, zan taƙaita.

Ka tambayi Maijidda alamarka. Ta sani. Kada ka yi fushi da ita in ta faɗa.

In ya zo, ka ajiye abin da ke hannunka tukuna, ka zauna. Kada ka kore shi, kada ka bi shi. Ka duba me ke ƙarƙashinsa. Nawa tsoro ne. Naka kai za ka gano.

Za ka kasa wani lokaci. Ka sake.

Ka je wurin Rahma yau. Ka durƙusa daidai tsayinta ka ce, ni na jefa, ban kyauta ba. Da bakinka. Kai kana da murya.

Zancen zuciyarka, ka bar ta ta sauka a lokacinta. Ban cancanci gaggawa ba.

Ka gaida uwarka.

Babanka

Kamilu, ni ce Gwaggo. Wuni guda ya yi yana rubuta wannan, ya ƙi in karɓa masa. Tun da ya gama bai sake riƙe alƙalami ba. Ruwa ma da cokali ake ɗiga masa. In za ka zo, kada ka jira sai ka gyara injin.